Kowa Yana Riƙe da Guntun Labarina

Ana yawan gayyata ta makarantu in tsaya gaban ɗalibai in ba su labarin yadda na faɗa shan ƙwaya da yadda na fita. Haƙuri nake bayarwa. Ba kunya ce take hana ni ba. Ƙa'idojin rigakafin shaye-shaye da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a 2013, aka kuma sabunta su a 2018 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, sun lissafa kawo tsohon ɗan shaye-shaye aji ya ba da shaida cikin dabarun da ba sa hana yara sha, wani zubin ma su haifar da akasin abin da ake nema. Ni kuma ban ga abin musu a ciki ba. Yaro ɗan shekara 14 zai dube ni ne ya ga mutum ras da shi, ga sana'a ga iyali, ya ce a ransa ashe ana sha kuma a tsira. Saboda haka wannan labari na manya ne: iyaye da malamai da ma'aikatan lafiya, da duk wanda yake ganin wani yaro yana lalacewa a gabansa yana cewa ba hurumina ba ne.

Ina da shekara 15 mahaifinmu ya rasu. Bai yi doguwar jinya ba, kuma ni ne a kansa lokacin da rai ya yi halinsa. Bayan jama'a sun watse, gida ya rage daga Mama sai Yayata sai ni da ƙannena, barci ya ƙaurace mini. Da na kwanta sai zuciyata ta hau bugu, ƙirjina ya ɗaure, numfashi ya riƙa yankewa, in tabbatar wa kaina yanzu zan mutu yadda ya mutu. Sai in tashi in yi ta zagaye tsakar gida har gari ya waye. Duk wanda na buɗe baki zan gaya wa, amsarsa ɗaya ce: kai ne namijin gidan yanzu, ka daure, ka yi ta addu'a. Addu'a kam na yi. Dauriyar ce ban san yadda ake yin ta ba da ƙarfe uku na dare.

Don in rage wa Mama nauyi sai na fara aikin ƙarfi idan an tashi makaranta, lodin kaya da sauke su. Wanda ya fara miƙo mini tiramadol ba dila ba ne, ba kuma mugu ba ne. Tare muke aiki, ya ga ina layi don gajiya, ya ce ungo wannan, zai ɗauke maka ciwon baya. Ciwon baya ya ɗauke. Amma abin da ya kama ni daban ne: ɗaurin nan na ƙirji ya saki, karo na farko tun rasuwar Baba. Ni ba maye na fita nema ba. Magani na tsinta na wani ciwo da ba wanda ya tambaye ni labarinsa, sai dai maganin ya zo da nasa bala'in. Ƙwaya ɗaya ta daina isa, aka ƙara, aka sake ƙarawa. Maganin tari mai kodin ya shigo don barci, wiwi kuma idan an rasa duka biyun. Kafin in cika shekara 17 daɗin ya ƙare, ina sha ne kawai don kada jikina ya rikice.

Har yau abin da yake ba ni mamaki shi ne, duk tsawon lokacin nan ban ɓuya ga kowa ba. Malamar ajinmu ta san makina ya zube, tana ganina ina kifa kai a tebur da hantsi. Mama ta san ba na barcin dare, ta kuma san kuɗi suna ɓata a ɗakinta. Kocin ƙwallonmu ya san na daina zuwa atisaye, ni da nake riga kowa isa fili. Mai sayar da magani ya san abin da nake saye da yawansa. Wani ɗan sanda ya san fuskata, don ya taɓa kwashe mu a samame. Ko a asibitin unguwa akwai katina, domin na je da kukan ciwon ƙirji, aka auna zuciya aka ce ƙalau take, aka sallame ni. Kowannensu yana riƙe da guntun labarina, kuma da guntun nasa ya yanke hukunci. Malama ta ce lalaci ne. Mama ta ce miyagun abokai ne. Koci ya ce girman kai ne ya shige ni, ɗan sanda ya ce iskanci. Da za a haɗa guntayen nan wuri ɗaya da ba sai an nemi ƙwararre ba kafin a gane abin da ke damuna, amma ba su taɓa zama tare ba, kuma babu wanda yake ganin aikinsa ne ya kira ɗan'uwansa.

A wurin aiki asirina ya tonu. An ce na ajiye kaya na tsaya ina kallon wuri ɗaya, sai na yanke jiki na faɗi ina shure-shure, kumfa na fita ta baki. Na farfaɗo a gadon asibiti harshena a taune, wandona a jiƙe, Mama tana gefe ta haɗa kai da gwiwa. Kawu ya iso da shawararsa a shirye. Ya san wani gida da ake kai kangararrun yara, a sa musu mari a ƙafa, a tsare su har su shiryu. Ban riƙe shi a rai ba, iyakar abin da ya sani ke nan, kuma ba shi kaɗai ba ne a duniya: rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a 2020 ya samu ana ɗaure masu larurar ƙwaƙwalwa da sarƙa a ƙasashe 60. Yayata ce ta tsaya. Ina jin ta daga bayan labule tana cewa, “Kawu, ku yi haƙuri, ba ƙin maganarku na yi ba. Ku bari ma'aikaciyar nan ta gama magana da shi tukuna. Idan abin bai yi ba, ni da kaina zan raka ku.”

Ma'aikaciyar jinyar ba ta tambaye ni me ya sa nake sha ba, tambayar da kowa yake yi yana zare ido. Ta sa kowa ya fita, ta jawo kujera ta zauna, ta ce, “Ƙanena, yaushe rabonka da barci mai daɗi ba ka sha komai ba?” Na ce tun kafin Baba ya rasu. Ta ce, “Kana wurin?” Na ce ina wurin. Daga nan magana ta maƙale mini, ita ma ba ta matsa ba, ta bar ni na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar. Da na natsu sai ta yi mini bayani dalla-dalla. Abin da ke kama ni da dare fargaba ce mai taso wa mutum farat ɗaya, ba ciwon zuciya ba ne, ba ta kisa, kuma tana da magani. Faɗuwar da na yi kuwa aikin tiramadol ne, don yana jawo farfaɗiya idan ya yi yawa. Likita ba ya wuce miligiram 400 a yini ga babban mutum, alhali wasu ƙwayoyin bayan fage kowace ɗaya tana ɗauke da 200 ko 225. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma galibinsu ba a ma gano su. Ita ba likitar ƙwaƙwalwa ba ce. Horo ta samu a ƙarƙashin shirin mhGAP da hukumar ta ƙaddamar a 2008, wanda yake koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane damuwa da fargaba da shaye-shaye, su yi abin da za su iya, su tura wanda ya fi ƙarfinsu gaba. Wanda ya duba ni a zuwana na farko bai samu wannan horo ba, zuciya aka koya masa aunawa, ita ya auna.

Da a ce daga asibiti aka mayar da ni unguwa yadda na bar ta, da tsugune ba ta ƙare ba. Sai dai a daidai wannan lokaci wani abu ya girgiza unguwar. Wani yaro sa'ana, Allah ya jiƙansa, ya fito daga tsarewa bayan watanni, iyayensa suna murna ya shiryu don ya yi ƙiba. Daren da ya koma cikin abokansa ya sha adadin da ya saba sha a da, ya haɗa da ƙwayar barci. Jikin da ya daɗe bai gani ba ba zai ɗauki abin da yake ɗauka a baya ba, shi ya sa makonnin farko bayan fitowa daga tsarewa suka fi kowane lokaci hatsari. Abokansa sun ji yana minshari suka ce barci ne, suka lulluɓe shi. Da safe ya sandare.

Mutuwarsa ce ta tara mutane. Ni ba na wurin zaman farko, ina kwance, Yayata ce ta je ta dawo da labari. Ta ce rigima aka yi. Iyaye suka ce makaranta ba ta tarbiyya, malamai suka ce ku da kuka haife su ina kuke, kowa ya juya kan masu sayar da magani, 'yan sanda suka ce duk wanda muka kama ku ne kuke riga mu zuwa ofis neman beli. Ana shirin watsewa baran-baran sai wani dattijon malamin kimiyya ya miƙe ya ce, tun ɗazu ana magana a kan yaran nan, akwai wanda ya tambaye su? Ya ba da labarin ƙasar Aisland. A 1998, kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 da 16 a can sun ce sun bugu da giya a cikin wata guda da ya wuce. A 2016 adadin ya sauko kashi 5. Masu shan sigari kullum sun sauko daga kashi 23 zuwa 3, waɗanda suka taɓa shan wiwi daga 17 zuwa 7. Ya ce ba da tsoratarwa suka yi ba. Tambayoyi suke raba wa ɗalibai ba tare da suna ba, a kai wa kowace unguwa da kowace makaranta nata sakamakon, sannan iyaye da malamai da hukuma su zauna su gyara abin da amsoshin suka nuna: lokacin da iyaye ke yi da 'ya'yansu, abin da yara ke yi da yamma, da lokacin da suke komawa gida.

Aka yarda a gwada. Aka raba takardu a makarantu, da wuraren da yaran da ba sa makaranta suke aiki, kowa ya cika ya jefa a akwati babu suna. Ranar da aka karanta sakamako wuri ya yi tsit, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Iyaye sun ɗauka da tsakar dare ake lalacewa, ashe tsakanin tashi daga makaranta ne da dawowar manya gida, lokacin da ba idon kowa a kan kowa. Sun ɗauka matsalar samari ce, ashe akwai 'yan mata da yawa da suke sha a ɗaki ba wanda ya sani. Tambayar da ta fi raba masu sha da marasa sha kuwa ba ta wadata ko talauci ba ce. Ita ce: akwai wani babba da za ka iya gaya wa damuwarka? Mafi yawan masu sha a'a suka rubuta.

Daga nan aka kafa kwamiti, kowa ya ɗauki abin da ke hannunsa. Makaranta ta bar filinta da wasu azuzuwa a buɗe da yamma, da manya masu karɓa-karɓa. Masu sayar da magani na unguwa suka sa hannu ba za su ba da tiramadol ko kodin babu takardar likita ba. 'Yan sanda suka yarda yaron da aka kama da abin shansa kawai, ba sayarwa yake ba, a kira iyayensa da ma'aikaciyar jinya kafin a yi maganar kotu. Asibiti ya ware yamma ɗaya a mako don matasa, ta ƙofar gefe, don kada yaro ya ci karo da maƙwabciyarsu a layi. Aka koya wa samari alamomin wanda ya sha fiye da ƙima: ƙwayar ido ta ƙanƙance, numfashi ya ja baya, a tashe shi ya ƙi tashi. A kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa komai, a nemi taimako nan take. Aka ajiye naloksan, allurar da ke karya ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi, a inda za a same ta da dare, yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2014. Malamin addinin da Mama take jin maganarsa ya zauna da ita ya ce mata neman magani ba raunin imani ba ne, kuma daga ranar duk wanda aka kawo masa da irin alamomina, ya yi masa addu'a ya ce a wuce asibiti.

Ni dai ana can ana wannan ina nan ina fama da jikina. Ba a yanke mini ƙwayar lokaci ɗaya ba, da umarnin likita aka riƙa rage ta sannu a hankali, Yayata ce mai riƙe magani tana ba ni a kan lokaci. Duk da haka ko maƙiyina ba na yi masa fatan makonnin farko. Hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina, gumi ana sanyi, gudawa, ƙafafu su ƙi zama wuri ɗaya, ga wani fisga a cikin kai kamar an jona wayar lantarki. Abin da ya fi muni shi ne fargabar da na binne ta taso gaba ɗaya. A nan ne na gane hikimar ma'aikaciyar nan da ta ce ba za a raba jinyar biyu ba. Da ƙwayar kawai aka cire aka bar ni da daren nan, da ban kai ko'ina ba. Ta koya mini yadda zan ja numfashi in sake shi a hankali idan abin ya taso, in bar shi ya kai ƙololuwa ya sauka da kansa, don kullum yana sauka.

Abin da ya fi yi mini tasiri kuwa wani benci ne a inuwar bayan asibiti. Kwamiti ya ɗauko dabarar daga Zimbabuwe, inda likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya fara shirin Friendship Bench a Harare a 2006. Ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci su saurari masu damuwa, su taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. Da aka gwada shirin a kan mutum 573, aka wallafa sakamakon a mujallar likitoci ta JAMA a 2016, bayan wata shida kusan kashi 14 cikin ɗari ne na waɗanda suka zauna a bencin suke da sauran alamun ciwon damuwa, alhali a rukunin da bai zauna a bencin ba kusan rabi ne. Tawa tsohuwar, Iya nake ce mata, ba ta wa'azi. Ranar farko ta ce, “Ɗan nan, zazzage mini duk abin da ya dame ka.” Na zazzage: mutuwar Baba, jarrabawar da na faɗi, kunyar fita waje, kukan Mama, bashi. Ta ce, “To, duka ba za su ɗauku yau ba. Wanne ne idan aka sauke shi za ka ɗan miƙe?” Na yi tsammanin bakina zai ce Baba. Sai na ji na ce bashi.

Dila yana bina kuɗi, kullum sai ya aiko, kuma na san ranar da na je ba shi haƙuri ba zan dawo hannu sake ba. Wannan ba ya cikin katin asibiti, ba wanda zai hango shi daga ofis. Iya ta ce wa zai iya zuwa a madadinka? Muka lissafa mutane, muka tsaya a kan Kawu, mutumin da ya so a sa mini mari. Ban so ba. Ta ce, “Mai zafin nan shi ya fi dacewa, ka ba zafinsa aikin yi.” Kawu ya je da kansa ya biya, ya ce wa mutumin daga yau tsakaninka da yaron nan sai gaisuwa, ita ma daga nesa. Tun daga ranar ya zama shi ne mai zuwa ɗaukata ranar ganin likita, yana faɗa a hanya, amma bai taɓa fashi ba. Maganar Baba sai daga baya muka iso gare ta, lokacin da na samu ƙarfin ɗaukarta.

Kada a ɗauka komai ya tafi daidai. Dokar komawa gida da wuri da aka kwaikwayo daga Aisland, inda 'yan shekara 13 zuwa 16 ba sa wuce ƙarfe 10 na dare a waje lokacin sanyi, ba ta yi aiki a wurinmu ba, don yara da yawa da dare suke neman abin da za su taimaki gida. Aisland ƙaramar ƙasa ce mai wadata, gwamnati ta zuba kuɗi a wasanni da kiɗa da zane, ba kowa ke da wannan ba. Abin da ake iya ɗauka daga gare su shi ne a tambayi yara, a yi aiki da amsarsu, a sake tambaya. Ban kuma yarda da masu cewa ƙwallo tana raba yaro da ƙwaya ba. Na buga ƙwallo a buge, na san masu sha don su yi gudu. Amfanin fili shi ne akwai babban da zai lura yau wane bai zo ba, kuma ya san lambar wanda zai kira.

Mafi munin abin da ya faru shi ne tonon asiri. Wani ɗan kwamiti ya koma gida ya ba iyalinsa labarin wata yarinya da aka tattauna matsalarta, kafin mako ya zagayo magana ta cika unguwa, yarinyar ta daina zuwa makaranta, sauran matasa suka ƙaurace wa asibiti. Haɗin kai idan babu amana gulma ce da kujeru. Aka yi zama mai zafi aka kafa doka: ba a ambaton sunan yaro a taro. Bayaninsa yana tsakanin ma'aikaciyar jinya da wanda abin ya shafa kai tsaye, kuma sai an gaya wa yaron wa za a sanar da me za a faɗa, ya amince, sai fa idan rai ne yake cikin hatsari. Aka kuma ba matasa kujeru a kwamitin, da ƙuri'a irin ta kowa. An daɗe kafin yara su dawo, yarinyar kuwa danginta suka mayar da ita wani gari.

Na koma sha bayan na daɗe da dainawa. Mama ce ta kwanta rashin lafiya, ina shiga ɗakin da aka kwantar da ita warin asibiti ya buge ni, ƙirjina ya ɗaure yadda yake yi a da. A daren na nemi ƙwaya na samu. Bambancin wannan karon shi ne ban yi nisa ba. Koci ya ga ban zo ba, bai ce girman kai ba ne, ya kira Yayata. Yayata ta same ni ta ce, “Zan gaya wa Sista, ko kai za ka gaya mata?” Na ce ni zan faɗa. Sista, wato ma'aikaciyar jinyar nan, ba ta nuna mamaki ba. Ta ce cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka ta ƙiyasta kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na masu jinya suna komawa, kusan yadda masu hawan jini da asma suke yi, kuma ba a korar mai hawan jini daga asibiti don jininsa ya sake hawa. Abin da ta ja mini kunne a kai shi ne adadi, ta tuna mini da yaron da ya rasu. Aka gyara tsarin jinya, na koma benci wurin Iya, Kawu ya karɓi kwanan asibiti wurin Mama har na samu natsuwa.

Yanzu ina cikin masu aikin sa-kai na kwamitin, kuma aikina rakiya ce. Mun lura yawancin yara tsakanin “je ka asibiti” da ƙofar asibitin suke ɓata. Malami ya rubuta takarda, yaro ya sa a aljihu, ya kama hanya, ya tuna za a tambaye shi sunansa, ya juya. To ni nake zuwa in same shi, mu taka tare, in zauna a waje har ya fito. Ba na ba shi labarina sai ya tambaya, kuma yawanci ba sa tambaya, hirar waya da ƙwallo muke yi. Iyaye ne suka fi tsare ni da tambaya, su kuma abin da nake ce musu shi ne su fara da barci da cin abinci da abin da ke sa yaron kuka, maganar ƙwaya za ta fito da kanta.

Sista an yi mata canjin wurin aiki, kuma tafiyarta ta nuna mana mun jingina da mutum ɗaya fiye da kima, don yammacin matasa ya kusa mutuwa kafin a horar da wasu biyu. 'Yan mata har yanzu ba ma kai wa gare su yadda ya kamata. Ba sa zuwa fili, ba a kama su a samame, sai abin ya yi nisa ake ji, shi ya sa matan kwamiti suka buɗe nasu zaman daban, kuma su suke tafiyar da shi ba mu ba. Masu sayarwa kuma da aka matsa musu a nan sai suka tsallaka unguwar da ke maƙwabtaka da mu, yaranmu suna bin su can. Mun nemi zama da mutanen unguwar, sun amince, da sharaɗin kada mu zo musu da wa'azi, mu zo da takardar tambayoyin da akwatin.